Tarihi da Shirye-shiryen Gidan Rediyon Tarayyar Nijeriya

Hukumar Gidajen Rediyon Tarayyar Nijeriya, wadda aka fi sani da Rediyo Nijeriya ko FRCN a taƙaice, ita ce kafar watsa labarai ta rediyo mallakar Gwamnatin Tarayya. Hedikwatarta tana Abuja. Mun kawo wannan bayani ne domin amfanin jama'armu na karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda mun lura sau da yawa akan kasa bambance gidan rediyon tarayya da na jiha da kuma masu zaman kansu, musamman idan an tashi kai sanarwa.

Asalinta

Rediyo ya shigo Nijeriya a shekarar 1933, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka fara kamo shirye-shiryen BBC daga Ingila suna sakawa a Legas. A wancan zamani waya ake ja zuwa wani akwati mai lasifika a gida ko a dandali, mai akwati ya riƙa biyan kuɗi, kuma ba shi da zaɓin tasha, abin da aka sako shi zai ji. Wannan tsari ya kai Ibadan a 1939, ya iso Kano a 1944. A 1951 aka mai da shi sashen gwamnati mai suna NBS, sannan a ranar 1 ga Afrilu, 1957 aka kafa hukumar NBC.

Gwamnatocin jihohi uku na lokacin ba su gamsu da dogara ga Legas ba, kowace tana son muryarta. Jihar Yamma ta buɗe nata gidan a Ibadan a 1959. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa kamfanin BCNN, wanda jama'a suka sani da Rediyo Talbijin Kaduna. Daga wannan gida ne Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ranar 15 ga Janairu, 1966, bayan kisan Sardauna. Haka kuma aka ci gaba a zamanin soja: duk mai niyyar juyin mulki gidan rediyo yake fara nufa, kamar yadda Dimka ya yi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talbijin a ƙarƙashin hukumar NTA. Shekara guda bayan haka aka haɗe NBC da ɓangaren rediyo na BCNN aka sami FRCN, kuma Dokar Soja mai lamba 8 ta 1979 ta tabbatar da ita. Tashoshin NBC da ke jihohi aka miƙa su ga gwamnatocin jihohin, wanda shi ne mafarin da yawa daga cikin gidajen rediyon jiha da muke da su. Sashen da ke watsa shiri zuwa ƙasashen waje, wato Muryar Nijeriya, an ware shi ya zama hukuma mai cin gashin kanta a 1990.

Tashar Kaduna

A wajen mutumin Arewa, idan an ce Rediyo Nijeriya, Kaduna ake nufi. Dalili kuwa shi ne harshe da ƙarfin na'ura. Ban da Hausa da Turanci, tashar ta yi shirye-shirye da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Manyan na'urorinta da ke Jaji sun riƙa watsa shiri a kan gajeren zango, mita 49, ta yadda makiyayi a ruga da manomi a gona da fatake a Nijar, Kamaru, Cadi da Gana duk suna kama ta da ƙaramin akwati mai batir. A ganinmu, in ban da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, babu wata kafa ta cikin gida da ta kai wannan tasha tasiri wajen daidaita Hausar da ake karanta labarai da ita, kuma ita ta fi jaridar isa ga wanda bai yi karatun boko ba.

Shirye-shirye

Ginshiƙin shirye-shiryen hukumar shi ne labaran ƙasa, inda tashoshinta suke haɗuwa da ƙarfe 7 na safe, 4 na yamma da 10 na dare. Ta nan ne aka saba jin jawabin Shugaban Ƙasa da sanarwar ranakun hutu da sakamakon zaɓe.

A sashen Hausa na Kaduna kuwa, dattawa ba za su manta da Jakar Magori da Barka da Yau ba, haka kuma Hannu da Yawa, inda ake gayyato masu riƙe da muƙamai su amsa tambayoyi. Zaɓi Sonka fili ne na gaishe-gaishe, wanda ya sa mutanen ƙauyuka da ba su taɓa ganin juna ba suka san sunayen juna, har suka kafa ƙungiyoyin zumunci. A Shafa Labari Shuni ana karanta littattafan Hausa, abin da ya kai adabi cikin gidajen matan aure. Ta fuskar wasan kwaikwayo akwai Duniya Budurwar Wawa da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Don Makiyaya a Ruga kuma shiri ne da Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa ta ɗauki nauyinsa domin jawo hankalin iyaye su sa 'ya'yansu makaranta. Da azumi tashar ta shahara da sako tafsirin Shaikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello da na Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos ma ta nan mutane da yawa suka fara jin su.

Zamanin FM

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003. Domin kada a bar ta a baya, daga farkon shekarun 2000 hukumar ta shiga gina tashoshin FM a jihohi, irin su Pyramid a Kano, Companion a Katsina, Pride a Gusau, Horizon a Dutse, Globe a Bauchi da Peace a Maiduguri. Muryar FM ta fi fita tangaran, amma ba ta cin dogon zango kamar tsohuwar mita 49, don haka ƙauyukan da ke nesa da babban birnin jiha sukan sha wahalar kama ta.

Wannan ne ya sa muke shawartar jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai cewa kafin a kai sanarwar rigakafi, rabon taki, rajistar masu zaɓe ko gargaɗin ambaliya, a fara tambayar mutanen yankin tashar da akwatinsu yake kamawa da kuma lokacin da suke saurare. A damina manomi ya fi samuwa da asuba da bayan magariba. A kuma tuna cewa tashoshin tarayya ba sa ƙarƙashin Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Jiha, saboda haka takardar neman fili ko sanarwa ga manajan tashar ake aika ta kai tsaye, kuma a kan lokaci.