Kayan rage ƙara a cikin mota: abin da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya sani kafin ya saya

Yawancin motocin da ke zirga-zirga a titunan Arewa, daga Golf da Sharon na haya zuwa Corolla da 406 na gida, sun shekara goma sha ko ashirin kafin su zo hannun masu su na yanzu. Robobin ƙofa sun bushe, shimfiɗar ƙarƙashin kafet ta ruɓe ko an cire ta a wani gyara ba a mayar ba. Sakamakon shi ne gurnani da kaɗawar ƙarfe da ke gajiyar da direba a doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri, har ta kai sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Ana sayar da kayan rage wannan ƙara, amma ba duka ne ke jure zafin ƙasarmu ba, kuma mafi araha a cikinsu shi ne ya fi saurin jawo asara.

Kafin a kashe ko kwabo, a fara kai motar wurin bakanike. Boris ɗin taya da ya ci, salansa mai huda, shokozoba da ta mutu, ko tayar da ta cinye gefe guda, duk suna yin ƙarar da babu wata shimfiɗa da za ta ɓoye ta, kuma ɓoye ta ma haɗari ne. Idan kuwa fito ne na iska a gefen gilashi, sauya robar ƙofa kawai ake buƙata.

Kayan da ake sayarwa kashi uku ne, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne faifan da ake mannawa a jikin ƙarfe: baƙar roba mai danƙo, an lulluɓe bayanta da siririn alminiyam. Aikinsa hana ƙarfe kaɗawa, kamar yadda tafin hannu ke kashe amon ganga. Na biyu soso ne mai rufaffun ƙofofi wanda ba ya shan ruwa, yana hana robobi da ƙarafa gogar juna. Na uku wata leda ce mai nauyi da 'yan kasuwa ke kira MLV, wadda murabba'in mita ɗaya nata ke kai kusan kilo 5. Ita ce ke tare ƙarar taya da ta titi, domin nauyi ne ke tare sauti. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya lulluɓe mota gaba ɗaya da kashi na farko, yana tsammanin ƙarar titi za ta ɓace. Ba aikinsa ba ne.

A kan faifan mannawa ne ake yawan cutar mai saye, don haka a nan ya kamata a tsaya. Iri biyu ne masu kama da juna a ido: na butil da na kwalta. Butil roba ce da aka ƙirƙiro a Amurka a 1937, ita ce ake yin tyub ɗin taya da ita, kuma tana jure zafi ba tare da ta narke ko ta yi wari ba. Na kwalta kuwa, asalinsa ɗan'uwan abin da ake liƙe yoyon kwanon rufi da shi ne, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. A ƙasa mai sanyi yana iya ɗaukar lokaci. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen motar da aka ajiye a rana yana haura digiri 60 cikin sauƙi. A nan kwaltar ke laushi, ta zame daga jikin ƙofa, ta toshe hanyar gilashi, ta cika motar da warin da ba ya fita. Kankare ta kuma aiki ne da kuɗinsa zai iya fin na sayen ta.

Tun da kwali ba ya faɗin gaskiya kullum, a gwada. A nemi ɗan yanki, a shinshina: butil kusan ba shi da wari, kwalta kuwa ba ta ɓuya. A manna yankin a jikin kwano, a bar shi a rana daga hantsi zuwa la'asar. Idan ya yi ruwa-ruwa ko ya ɓata yatsa da baƙi, a bar wa mai shi kayansa. A duba alminiyam ɗin ma. Idan yana yagewa kamar takardar alewa, ko kuma leda ce mai ƙyalli kawai, faifan ba zai yi aikin kirki ba, saboda taurin wannan bayan ne ke sa robar ta shanye kaɗawar.

Ana rubuta kauri da ma'aunin mil, wanda ba milimita ba ne: mil 50 kimanin milimita 1.3 ne, mil 80 kuma kusan milimita 2. Na mil 80 ya wadatar ga ƙofofi da but. Dynamat na Amurka shi ne sunan da ya fi shahara, kuma yana da tsada. Noico da Kilmat da StP na butil ne da ake samu a farashi mai sauƙi. Farashin duk yana bin dala, saboda haka a kwatanta kuɗin murabba'in mita, kada a kwatanta kuɗin kwali. Kwalin da aka rubuta ƙafa 36 murabba'i bai wuce murabba'in mita 3.3 ba.

Babban tanadi yana cikin yawan abin da aka manna. Ba dole ba ne a rufe ƙarfe baki ɗaya. Rufe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faffaɗan wuri, a tsakiyarsa, yana kashe mafi yawan amon. A ƙwanƙwasa da yatsa: inda ya yi amon gwangwani a manna, inda ya yi dum a wuce. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ƙofofin gaba, sai but da kumbon tayoyin baya, sai daɓen motar idan kuɗi ya samu. A daɓen ne ledar MLV ke da amfani, ita kuma sai an shimfiɗa ta ba tare da giɓi ba, da soso a ƙarƙashinta. Sai dai nauyinta na taruwa, abin da direban haya mai lissafin mai da kaya zai yi la'akari da shi.

Kada a sa sosan katifa ko tsumma a cikin ƙofa, ko da wani ya ce ya gwada. Suna shan ruwan damina, su riƙe shi a jikin ƙarfe har tsatsa ta ci. Kada kuma a toshe ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofa, ko a manna wani abu a kan wayoyi da na'urorin jakar iska. A goge ƙarfen da sifirit har ƙurar hunturu da maiƙo su fita, sannan a danne faifan da abin murzawa sosai, domin wanda bai kama jiki ba ba ya aiki. Gefen alminiyam yana yanka hannu, a sa safar hannu.

Game da sakamako, kada tallar 'yan kasuwa ta ruɗi kowa. Ana auna ƙara da desibel, kuma sai an rage kusan 10 kunne ke jin kamar ƙarar ta ragu da rabi. Ragin 3 da ƙyar ake lura da shi. Faifan mannawa shi kaɗai ba ya kai wa 10 a ƙarar titi, amma yana kashe kaɗawar ƙofa, ya gyara sautin lasifika. Wanda ke son ya san ko kuɗinsa ya yi aiki, ya auna da manhajar waya kafin aikin da bayansa, a titi ɗaya, da gudu ɗaya, gilasai a rufe.