Yadda Majalisar Jamus Ta Sami Kubbar Gilashi

Da wuya baƙo ya je Berlin ya baro ta bai hau kubbar gilashin da ke bisa ginin majalisar dokokin Jamus ba, ginin da suke kira Reichstag. Ba a biyan ko sisi, sai dai mutum ya yi rajista tun da wuri, ya zo da katin shaida. Ginin na dutse ne, tun na ƙarni na 19, kubbar kuwa ta ƙarfe ce da gilashi, an buɗe ta a 1999. Kafin tsoho da sabo su haɗu a wuri guda sai da aka shafe shekara fiye da ɗari, kuma yawancin shekarun nan na rigima ne.

Sarki Wilhelm na Ɗaya ne ya aza harsashin a watan Yuni na 1884, shekara 13 bayan Jamus ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya. Daga kuɗin diyyar da Faransa ta biya bayan an ci ta da yaƙi aka ɗebi na aikin. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma Turawa suka zauna a wannan birni suka fara taron da ya share musu hanyar rabon Afirka. Mai zanen ginin, Paul Wallot, ya kammala a 1894, ya ɗora masa kubba ta ƙarfe da gilashi, abin da ake gani sabon salo a lokacin. Sarki Wilhelm na Biyu bai ƙaunaci ginin ba, don dama ba ya ƙaunar majalisa. Har gidan birai ya kira shi. Rubutun da ke goshin ginin, mai cewa an gina shi ne domin al'ummar Jamus, sai a 1916 aka yarda aka maƙala shi, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Daga nan masifu suka yi ta bin juna. Ranar 9 ga Nuwamba 1918 ɗan siyasa Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin ya shelanta cewa mulkin sarki ya ƙare, Jamus ta zama jamhuriya. Daren 27 ga Fabrairu 1933 gobara ta cinye zauren majalisar. Hitler, wanda bai cika wata guda kan mulki ba, ya fake da ita ya dakatar da 'yancin jama'a tun washegari. A 1945 sojojin Tarayyar Sobiyat suka ƙwace ginin bayan gumurzu mai tsanani, suka kafa jar tutarsu a kansa. Ragowar kubbar Wallot an rushe ta a 1954. Katangar Berlin da aka gina a 1961, bayan an raba Jamus gida biyu, ta bi ta bayan ginin ne, ya tsaya a ɓangaren Yamma yana zaman jira, alhali majalisar Jamus ta Yamma tana can Bonn. An yi masa kwaskwarima a waɗannan shekaru, amma ba kubba.

Bayan haɗewar Jamus a 1990, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ranar 20 ga Yuni 1991 kan ko a koma Berlin. Masu son komawa suka sha da ƙyar, 338 da 320. Aka buɗe gasar zane, Norman Foster ɗan Birtaniya ya lashe ta a 1993. Zanen Foster na farko ba shi da kubba ko kaɗan. Wata ƙatuwar rumfa ya tsara, wadda za ta lulluɓe ginin gaba ɗaya. Aka ce ta yi tsada, ya rage. Sai 'yan majalisa masu ra'ayin riƙau suka kafe cewa lallai a maido da kubba, wasunsu ma irin ta Wallot sak suke so. Foster ya ƙi, suka ƙi. Da ya ga ba makawa, sai ya karɓi kubbar amma ya sauya mata aiki: maimakon ado da ake hange daga nesa, ta zama wurin da kowa zai iya hawa. Kafin magina su shiga, a bazarar 1995, masu fasaha Christo da Jeanne-Claude suka naɗe ginin duka da yadi mai ruwan azurfa na mako biyu, miliyoyin mutane suka zo kallo. Majalisa ta yi zamanta na farko a sabon zauren ranar 19 ga Afrilu 1999.

Faɗin kubbar mita 40 ne, tsayinta ya ɗan haura mita 23. Hanyoyi biyu ne suke murɗawa a jikinta ta ciki, ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka, babu matakala, don haka mai keken guragu ma yana kaiwa ƙololuwa. A tsakiya akwai wani ginshiƙi mai siffar mazurari, an lulluɓe shi da madubai 360. Su ne ke kama hasken rana su jefa shi ƙasa cikin zauren majalisa. Wata garkuwa ta ƙarfe tana zagayawa tana bin rana, don kada hasken ya kashe wa na ƙasa ido. Iska mai zafi kuma ta cikin ginshiƙin take tashi ta fice ta kafar da aka bari a sama. Mai hawa idan ya sunkuya zai hango kujerun 'yan majalisa shuɗɗa ta cikin gilashi, su kuma in sun ɗaga kai jama'a za su gani a bisa kansu. Wannan shi ne abin da Foster ya ciwo a rigimar da aka ce ya sha kaye.

Akwai wani abin da ya fi kubbar taɓa zuciya, ko da yake ba kowane baƙo ke ganinsa ba. Da ma'aikata suka ɓamɓare abin da aka rufe bango da shi a gyaran farko, sai ga rubuce-rubucen sojojin Sobiyat na 1945, da gawayi da alli: sunayensu, da garuruwan da suka fito, da kwanan wata. Wasu 'yan majalisa suka nemi a goge, suna ganin cin fuska ne a bar hannun wanda ya ci su da yaƙi a bangon majalisarsu. Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani aka bar da yawa daga ciki. Har yau ɗan majalisar Jamus yana wuce su a kan hanyarsa ta shiga zaure.

A ganina wannan shawara ta fi zanen kubbar wahala, kuma ita ce ta ba kubbar daraja. Da an goge bangon, an sake ƙera kubbar Wallot, da ginin ya fito fes kamar ba a taɓa yin gobarar 1933 ko yaƙin 1945 ba. Jamusawa sun ƙi yin haka, kuma sun yi daidai.