Daidaita NUMA a Linux

NUMA tsarin gina manyan kwamfutoci ne inda kowane rukunin furosesa yake da ma'adanarsa ta kusa. Yana iya ɗauko bayani daga ma'adanar wani rukunin, sai dai da jinkiri.

Tun fitowar Linux 3.8 a shekarar 2013, mai rabon ayyuka na cikin zuciyar tsarin yake daidaita ayyuka da ma'adanarsu da kansa don rage wannan jinkiri. Lokaci-lokaci yakan toshe hanyar isa ga wasu shafukan ma'adana na ɗan lokaci. Da zarar aiki ya taɓa su, sai a gane daga wane rukuni ya zo, daga nan a kai shafin wurin aikin, ko a kai aikin wurin shafin.

Ana bin diddigin waɗannan hukunce-hukunce da manhajar ftrace, wadda Steven Rostedt ya ƙirƙiro, ko da perf. Alamar sched_move_numa tana nuna an matsar da aiki, sched_swap_numa an yi musayar ayyuka biyu. Wadda ta fi amfani ga mai bincike ita ce sched_stick_numa, domin tana bayyana inda aka so matsarwa amma ba ta yiwu ba.

Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da zai gwada wannan, ya nemi babbar saba. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka rukuni ɗaya kawai suke da shi.