Dalma, Batir da Eriya: Tarihin Masu Gyara a Hanyar Gwarzo

Dalma ta riga rediyo isowa ƙasar Gwarzo da Kabo. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, sun daɗe da sanin yadda ake narka ƙarfe mai taushi a haɗa abu biyu da shi. Da gwangwanayen madara da na kananzir suka yawaita a zamanin Turawa, sai aka samu masu yanka su suna ƙera mazurari da fitilar a-ci-bal-bal, suna liƙe gaɓoɓin da ƙarfen da suka gasa a garwashi. Wannan ƙarfen liƙin shi mai gyaran rediyo na ƙauye ya gada, kuma ya daɗe bai rabu da shi ba, don ayan mai aiki da lantarki ba ta da rana a garin da ba a kai wa wuta ba.

Rediyon da Kano ta fara gani ba ta buƙaci mai gyara sosai ba. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a birnin. Akwati ne da lasifika a ciki, waya ta taso daga tasha ta shiga bayansa, mai shi yana biyan haya. Babu zancen neman tasha, abin da aka aiko shi za ka ji. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda aka riƙa kafa irin waɗannan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Wayar ba ta yi tsawon da za ta kai Gwarzo ba, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni. Wanda ya shigo fatauci shi ke komawa gida da labarin akwatin da ke magana.

Tiransisto ne ya tsinke wannan waya. An ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947, rediyon aljihu ta farko ta shiga kasuwa a 1954, kafin a ankara kamfanonin Japan sun cika duniya da rediyo mai arha mai cin batir. Ta zo daidai lokacin da aka samu abin saurare da Hausa. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirinta na Hausa da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, kuma garin da sunansa ke ɗauke da shi yana gaba kaɗan idan aka wuce Gwarzo aka shiga ƙasar Katsina. Rediyon Kaduna ta biyo baya a 1962, sashen Hausa na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Rediyo ta hau kafaɗar manomi da makiyayi, ta samu wuri a teburin mai shayi.

Daga nan dabara ta fara, kuma masu saurare ne suka fara ta tun kafin masu shago. Tashar gajeren zango takan zo ta tafi, sai mutum ya samo doguwar waya ya ɗaura a kan gora ko reshen darbejiya, ya naɗa ƙarshenta a jikin eriya. Batir ya yi sanyi, a shanya shi a rana a ƙara matsar kwana ɗaya ko biyu daga jikinsa. Wani ya jera tsofaffin batura a cikin takarda mai kauri, ya naɗe, ya ɗaure da roba, ya jawo waya biyu zuwa cikin rediyon, ta yadda batura shida da suka gaji za su yi aikin huɗu sababbi. Babu wanda ya karanta dokar Ohm a cikinsu, amma sun gane cewa jeri yana ƙara ƙarfi.

Kuɗin Udoji, ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawararsa a 1974, ya jefa rikoda mai kaset a gidajen malaman makaranta da ma'aikatan hukuma. Ita kuwa rikoda, saɓanin rediyo, tana da abubuwa masu motsi: ƙaramar mota, bel, da kan da ke karanta zare. Duk abin da ke motsi a ƙasar da ke shan ƙurar hunturu zai gaji da wuri. Bel ya saki, muryar Shata ta koma ja kamar mai jin barci, sai a nufi mai gyara. In babu sabon bel, ya yanko siririyar roba daga tsohon tub ɗin keke. A wannan zamani ne teburin mai gyaran rediyo ya zama abin da ba a rasawa a ranar kasuwa, a Gwarzo ko Getso ko Garo. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kawo tashar CTV a farkon shekarun 1980, sai talabijin baƙi-da-fari mai aiki da batirin mota ta ƙaru a kan teburin.

Amma shekarar da ta fi kowace yi wa sana'ar tasiri ita ce 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta zube. Sabuwar rediyo ta fi ƙarfin albashi. Kayan gwanjo na Kwatano suka maye gurbin na kanti, kuma abin da ya mutu ya daina zama shara. Shi ya sa shagon tsohon mai gyara yake cike da gawarwakin rediyo har rufi. Baƙo zai ɗauka tarkace ne. A wurin mai shagon kuwa, nan ne ma'ajiyar kayan gyaransa, ya san wace Philips ce ke da sauran tiransifoma mai rai, wace National ce za ta ba da kafasita. Abin da babu a tarin sai a ba direban motar Kano sautu, ya bi ta Rijiyar Zaki da Kabuga ya sayo a Sabon Gari.

Yadda ake koyon aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Uba yakan kai yaro wurin maigida, yaron ya yi watanni yana shara da kwance noti da hura garwashi. Sannan a ba shi mataccen fanel ya riƙa cire kayan jikinsa ba tare da ya ƙona su ba. Taswirar da kamfani ya zana ba ta zuwa da kayan gwanjo, don haka hanci da kunne da yatsa su ne littafin. Warin ƙuna yana nuna inda wuta ta ci. Yatsa yana gano tiransiston da ke zafi fiye da kima. Akwai kuma gwajin da kowane tsohon hannu ya sani: a taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara murya da bakin sukundireba, in lasifika ta yi gurnani, to ɓangaren sauti lafiya lau yake, laifin yana wajen kamo tasha. Da taɓawa ɗaya an raba matsalar gida biyu. Injiniyan da ya yi digiri ma haka zai yi, sai dai shi da na'urar awo.

Wutar NEPA, da ta iso, ta kawo nata aikin. Takan zo da rauni har ƙwan fitila ya yi ja, ko ta zo da ƙarfin da zai ƙona duk abin da ke jone. Masu naɗin kwayil suka samu kasuwa: a warware ƙonanniyar tiransifoma ana ƙirga zagayen wayar, a sake naɗa sabuwa daidai adadin. A ƙarshen mulkin Obasanjo kuma aka ga wata fitila a kasuwannin Kano wadda ba kamfanin da ya ƙera ta: ƙananan ƙwayaye masu farin haske a kan tsohon faifan CD da ke mayar da hasken, da ɗan akwatin katako na batura. Jama'a suka raɗa mata suna "Obasanjo ya kasa". Ta yi zamaninta kafin fitilun caji na Sin su ture ta.

A Amurka, irin wannan wasa da waya da dalma abin sha'awa ne na ranar hutu. A ƙungiyar Homebrew da aka kafa a Kalifoniya a 1975 ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko. A nan yawanci neman abinci ne ya kai mutum teburin. Masu yin sa don sha'awa zalla yara ne, waɗanda ke ƙera motar langa-langa su saka mata motar tsohuwar rikoda da ƙwan tocila, su bi ta da gudu a layi.

Wayar salula ta shigo a watan Agusta 2001, ta sake juya sana'ar. Matasa suka bar rediyo ga dattawa suka nufi Farm Centre da titin Beirut a Kano, suka koyo canza sikirin da bakin caji da yi wa waya filashin, suka dawo suka buɗe rumfuna. Kusa da su mai caji ya kafa nasa allon, soket bila adadin a jere a kan katako, ƙaramin janareta yana kuka a baya.

Daga cikin masu gyaran waya da kwamfuta ne aka samu wanda labarinsa ya zaga duniya. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks mai shekara 24 a Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan wannan titi na Gwarzo, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a cikin wata takwas. Injin tsohuwar Honda Civic ya saka masa, da kujerun Toyota, da kyamara a ƙasa mai nuna wa matuƙi filin sauka a ɗan allo. Kuɗin aikin daga gyaran waya da kwamfuta ya tara su, mahaifinsa ya cika masa. Jirgin ya tashi, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Mubarak da kansa ya faɗa wa manema labarai cewa jirgin ba shi da na'urorin auna tsayi da nauyin iska. A ganin mai wannan rubutu, nan ne iyakar da sana'ar ta daɗe tana cin karo da ita. Hannu ya ƙware, ido ya buɗe, amma abin awo da kayan aiki masu inganci suna da tsada, kuma ba a ƙera su a kusa.

Yau makarantu sun matso. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da reshe a Gwarzo, an kuma kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Kabo. Sai dai mafi yawan masu haɗa sola a garuruwan biyu har yanzu a wurin maigida suka koya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mai caji ya fara kashe janareta yana ɗora faifan sola a kan rumfa, masu gyara kuma suka koma farfasa matattun baturan laftof. A ciki akwai ƙwayoyin litiyam da ake kira 18650, kowace mai ƙarfin bolt 3.7. Sukan gwada su ɗaya bayan ɗaya da mita, su ware masu rai, su jera uku-uku su samu abin da zai juya fanka ko ya kunna fitilun shago. Aikin yana da haɗarin da batirin tocila bai taɓa samu ba, domin ƙwayar litiyam da aka cika wa caji ba tare da ɗan fanel mai tsare ta ba tana iya kama wuta, kuma wasu sukan tsallake fanel ɗin don rage wa mai saye kuɗi.