Makaranta a Kan Amalanke

A shekarar 1896 ne George Washington Carver ya isa kwalejin Tuskegee da ke Alabama, a kudancin Amurka, ya tarar noman auduga ya tsotse ƙarfin ƙasa, bashi kuma ya yi wa manoma baƙar fata katutu. Wanda ke bin bayan garma kuwa, ina ya ga sukunin zuwa aji? Saboda haka a 1906 aka ɗora garma da iri da kayan gwajin madara a kan amalanke, wani tsohon ɗalibin kwalejin, Thomas Campbell, ya dinga zaga ƙauyuka da shi. Shawarar malaman ita ce a shuka wake da gyaɗa domin ƙasa ta farfaɗo. Sai dai galibin manoman gonakin ba nasu ba ne, masu gonakin kuwa auduga suke so.