Waƙoƙin Yara da Makomar Hamadar Amurka

A ƙarshen ƙarni na 19, Turawan da suka kwarara zuwa kudu maso yammacin Amurka ba su ɗauki hamada a bakin komai ba. A ganinsu fili ne na banza, sai dai a haƙi ma'adinai a cikinsa ko a ratsa shi a wuce. 'Ya'yansu suna tasowa cikin rairayi da ƙaya, amma waƙoƙin da ake biya musu a makaranta daga Ingila da gabashin ƙasar aka kawo su, masu zancen ƙoramu da ciyawa kore shar. Yaro yakan girma bai taɓa jin an yabi abin da ke ƙofar gidansu ba.

Mary Austin tana cikin waɗanda suka fara lura da wannan giɓi. Ta isa Kalifoniya a 1888, daga baya ta koyar a kwarin Owens, tana tsara wa ɗalibanta baitoci a kan dabbobi da tsirran da suka sani. Ba a buga waƙoƙin ba sai a 1928, cikin littafinta The Children Sing in the Far West, alhali aikin gama ya riga ya gama. Tun a 1913 birnin Los Angeles ya buɗe magudanar ruwa mai tsawon kusan kilomita 375, ya janye kogin Owens. Kafin littafin ya fito tafkin kwarin ya ƙafe, ya koma fako mai tayar da ƙurar da ke cutar da huhun mazauna wurin.

Byrd Baylor, wadda ta yi zamanta a karkarar Arizona, ita ta ɗora a kan wannan tubali. A littafinta The Desert Is Theirs na 1975, wanda Peter Parnall ya yi wa zane, ta jera mutanen Tohono O'odham da shaho da kunkuru a sahu guda, a matsayin masu gida ɗaya. Wannan fahimta daga mutanen ta samo ta. Su ne ke tsinkar 'ya'yan saguwaro, wani dogon tsiro mai ƙaya, gab da saukar damina, kuma daga nan suke fara lissafin shekararsu. Saguwaro yakan haura shekara 50 kafin ya yi reshe, ya kuma rayu shekara 150 ko fiye. Yaron da ya san haka zai yi nauyin hannu kafin ya sare shi.

A 1994 Pat Mora, haifaffiyar El Paso, ta fitar da The Desert Is My Mother cikin Ingilishi da Sifaniyanci, ta mayar da hamada uwa mai ciyarwa da warkarwa. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare hamadar Kalifoniya, wadda ta ɗaga Death Valley da Joshua Tree zuwa gandun ƙasa. Masana kimiyya da 'yan fafutuka ne suka yi gumin dokar. Aikin waƙa ya fi wannan jinkiri, domin zukatan da za su yi zaɓe bayan shekara ashirin take gyarawa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu da Sahara ke cin gonakinmu a Yobe da Damagaram, tarihin nan bai yi mana nisa ba. Muna koya wa yara tsoron hamada, muna mantawa da koya musu darajar gawo da aduwa da kurna, itatuwan da ke riƙe ƙasar. Tafkin Owens ya ƙafe kafin waƙarsa ta isa hannun yara. Gawon da ke tsaye a gonar kakanmu yana nan da ransa tukuna.