Freedom Radio Kano: sama da shekara 20, wa ke biyan kuɗin 'yancin?

Jama'a, tun da gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a watan Mayun 2025, sannan gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna 'yan watanni bayan haka, ake ta cacar baki a kan gidajen rediyo masu zaman kansu. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san inda aka faro.

Mu da muka tashi a Kankia da Kusada, rediyo biyu muka sani: na gwamnati da na ƙetare. Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, shi ne na gida. In kana son jin abin da gwamnati ba ta so a faɗa, sai ka murɗa zuwa BBC ko Muryar Amurka ko Jamus. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, rediyon da muka samu na gwamnatin jiha ne. Doka ba ta ba ɗan kasuwa damar buɗe tasha ba.

A 1992 gwamnatin Babangida ta fitar da doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe wannan ƙofa. Raypower ta Raymond Dokpesi ce ta fara shiga, a Legas, a 1994. Sai a watan Disamban 2003 Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye daga Sharaɗa a Kano, a kan mita 99.5. Cikin jagororinta akwai Alhaji Bashir Dalhatu da marigayi Air Vice Marshal Mukhtar Muhammad, Wazirin Dutse, wanda ya taɓa mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin soja, lokacin da mu Katsinawa muke cikinta.

Me Freedom ta zo da shi? Ta zo daidai lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Mutum ya sa kati, ya bugo, ya faɗi cewa rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace, kwamishina na ji, matar kwamishina ma na ji. Shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta da Barka da Hantsi suka zama abin hira a majalisu da teburan mai shayi. Mu da muke kan hanyar Kano zuwa Katsina, ko da sai an ja eriya an ɗaura mata waya, ana kamawa. Daga baya ta buɗe tashoshi a Dutse da Kaduna, ga kuma Dala FM a Kano.

Ba ta sha da daɗi ba. A 2006, ana tsakiyar rigimar tazarcen Obasanjo, NBC ta ci ta tara, ta kuma hana ta watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, wato lokacin da kowa ke zaune kusa da rediyonsa. A watan Mayun shekarar majalisar dattawa ta binne tazarce, tashar kuma tana nan har yau.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Rediyon kasuwa ba shi da kaso a kasafin kuɗi. Da kuɗin talla da sayar da fili yake sayen dizal, ya biya albashi, ya sabunta lasisi. Ku tuna a watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2, sai da kotu ta shiga tsakani. Wa ke da kuɗin sayen fili kullum? Ɗan siyasa da mai maganin gargajiya. Daga nan sojojin baka suka samu gindin zama: a biya maka minti biyar, ka wanke ubangidanka, ka yi wa abokin hamayyarsa wankin babban bargo. Ƙofar da talaka ya shiga da kukansa, ta nan mai kuɗi ya shiga da ƙazantarsa.

Don haka masu cewa an wuce gona da iri suna da hujja. Amma maganin ciwon kai ba sare kai ba ne. Akwai NBC, akwai kotu ga wanda aka ɓata wa suna. In aka bar gwamna ya rufe tasha da baki, yau ta abokin hamayyarka ce, gobe taka ce.

Yanzu da Katsina ke da nata tashoshin, irin su Vision FM da Alfijir, darasin ya zo gidanmu. Tashoshi su riƙa faɗa ƙarara cewa wannan fili saye aka yi, kada a haɗa shi da labarai. 'Yan kasuwarmu su riƙa kai talla, don tashar da ba ta da mai talla sai ɗan siyasa, bakinsa za ta ara. Mu masu sauraro kuma mu riƙa tambayar kanmu: wa ya biya kuɗin wannan maganar?

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da juriyar jin ta.